Sunan Da Ban Taɓa Kira Ba

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Gaisuwa mai yawa zuwa gare ki, 'yar Malam, tare da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Na cusa ta a ƙasan jakarki, tsakanin ledar kuka da gwangwanin man shanu, don na san ba za ki zazzage kaya ba sai kin isa Jalingo kin huta gajiya. In har kina karantawa, to Allah Ya kai ki lafiya ke nan, alhamdu lillahi. Allah Ya tsare ki a can kamar yadda nake roƙon Ya tsare ki a hanya. Ki gaida Gwaggo Larai da mutanen gidanta, ki ce ina godiya da riƙon da za ta yi miki.

Ki yi haƙuri da rubutuna. Kin san a aji shida na tsaya, kuma rabona da cika shafi da biro tun kuna firamare. Ƙanwarki Hafsatu ta ga ina fama, ta ce in faɗa mata ta rubuta a waya ta tura miki. Na ce a'a. Tun kina cikin zanen goyo nake aika miki saƙo ta bakin wasu. Wannan kam da hannuna zai zo.

Ba labarin gida zan ba ki ba, gidan da ba ki daɗe da barowa ba. Wata magana na ji, ita ta sa ni zaman nan. Ranar da na fita takabar Babanku ina bayan ɗaki ina shanya, ku kuna ciki ba ku san ina wurin ba. Hafsatu ta tambaye ki me ya sa kika ƙi aikin ungozoma da aka ba ki a wajen Shira, inda ko a babur za ki zo gida ki koma, kika zaɓi wanda sai an wuni a mota. Kika ce mata, "Mai kirana ya tafi. Me zan zauna yi a Azare?"

Ban yi fushi ba. Na tsaya da jiƙaƙƙen zane a hannu har ruwansa ya gama ɗiga a ƙafata. Gaskiya kika faɗa. A gidan nan Babanku ne mai kiranki. Ni tun da na haife ki ban taɓa kiran sunanki ba. "Ke" nake cewa, ko "yarinyar nan", in raina ya yi fari ƙwarai in ce "'yar Malam". Ke ma kika taso kina ce mini Adda, yadda kika ji ƙannena suna faɗa, kamar ni yayarki ce. Abin da nake tsoro shi ne ki tafi da tunanin cewa babu mai sonki a gidan nan, ki zauna a can, zuciyarki ta bushe a kan haka. Shi ya sa zan gaya miki inda na yi kuskure, ɗaya bayan ɗaya, ki ɗauki abin da zai amfane ki.

A Chinade na haife ki, a ɗakin Inna mahaifiyata. Kin san Inna Bafulatana ce, daga wata ruga ta wajen Gadau aka auro ta, kuma duk tarbiyyarta a kan kalma ɗaya take, semteende, wato kunya. Ita ta koya mini cewa mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta san yana wurin. Ke kuma aka haɗa mini biyu, don sunan mahaifiyar Babanku aka sa miki. Tun cikina yana ƙarami Inna ta ja mini kunne, ta ce a zuriyarsu ba a taɓa jin muryar mace a kan gwiwa ba, kada a fara a kaina.

Naƙuda ta kama ni da hantsi ina surfe. Ban gaya wa kowa ba. Na gama surfen, na wanke, na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, na sa gefen zanena a baki na cije. Mutane suna shiga suna fita, ana tambayata lafiya ina cewa lafiya lau. Sai wajen la'asar wata tsohuwar ungozoma ta leƙo karɓar faifanta da aka ara. Ba fuskata ta kalla ba, don fuskar na riga na gyara ta. Ƙafata ta kalla, ta ga yatsuna sun lanƙwashe sun kama ƙasa. Ta ajiye faifan ta ce, "Ke, tun yaushe?" Da ba ta leƙo ba, Allah kaɗai Ya san yadda ni da ke za mu kwashe, don ba a daidai kika taho ba, sai da ta yi aiki. Ki riƙe maganar yatsun nan, zan dawo kanta.

Da mata suka cika ɗaki barka, kika fara kuka. Na juya fuskata bango. Kina kuka, nono yana zuba har ya jiƙa mini riga, ni kuwa kamar ba da ni ake ba. Matan suka yi ta cewa kai, yarinyar nan akwai kunya, Inna ta iya tarbiyya. Sai da suka watse Inna ta ɗauko ki ta ɗora mini, kin yi kuka har muryarki ta dishe.

Ba al'adar nake zagi ba, kuma Inna ba muguwa ba ce, Allah Ya jiƙanta. Yadda aka yi mata ta yi mini. Laifina shi ne na ji daɗin yabon nan. Ya shiga kunnena ya zauna. Daga ranar, duk abin da zan yi sai na fara tambayar kaina me mata za su ce, kafin in tambayi kaina wa ke bukatata. To ke kada ki yi haka. In kin ji kuka ki tashi, ko wa ke zaune a ɗakin. Masu yabon nan duk sun koma gidajensu sun ci tuwonsu, ko ɗaya ba ta tuna ranar. Ni kaɗai nake tunawa, kuma har yau in na ji jariri yana kuka a maƙwabta sai ƙirjina ya yi nauyi.

Na biyu, ina jin kina tuna shi. Kina aji huɗu kika zo ta ɗaya. Kika shigo da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, kina ɗaga takardar. Ana yi mini kitso a tsakar gida, ga maƙwabta biyu a zaune. Kika miƙo mini. Ban karɓa ba. Na ce ki ajiye a kan gado ki zo ki tankaɗe garin can. Na ga yadda hannunki ya sauko a hankali. Kika je kika tankaɗe garin tas, kuma ba ki sake kawo mini takardar makaranta ba. Babanku kike jira ya dawo daga kasuwa.

Abin da ba ki sani ba, kina tafiya Islamiyya na yafa mayafi da rabin kitso a kaina, na ɗauki takardar na bi gidajen layinmu. Har gidan mai ƙosai na shiga, wadda ba ma shiri sosai. Ina cewa ku ga abin da 'yar Malam ta yi. Da Babanku ya ji labari ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To madalla. Duk unguwa ta ji, saura mai takardar." Na ce masa ai ta sani. Ya ce ta ina za ta sani, ko duba take yi?

Lokacin na ɗauka tsokana ce irin tasa. Yanzu na gane. Alherin da kika ɓoye wa mai shi, kika kai wa wasu, bai isa inda aka aike shi ba. Akwai alherin da ake ɓoyewa, kamar in kin taimaki wadda ba ta da shi, wannan ki rufe kada ki tozarta ta. Amma magana mai daɗi ba a ɓoye ta. In mace ta yi ƙoƙari a kan gwiwa ki ce mata sannu, kin yi ƙoƙari, a kunnenta, a lokacin. In mai share ɗakin haihuwa ta gyara wuri ki gode mata a gabanta. Kada ki bari sai ta fita ki yabe ta wurin wasu.

Kin san sana'ar Babanku, awon hatsi. Ba shi da babbar rumfa, amma matan ƙauye sukan tsallake rumfuna su zo tasa. Na ɗauka don gyaran da yake yi musu ne, wannan ɗan tafin gero da yake ƙarawa bayan ya cika tiya. Ranar zaman makoki na ji dalili. Wata tsohuwa da ban taɓa gani ba ta zo daga Gadau, ta zauna a gabana tana share hawaye da bakin gyale. Ta ce gyara kowa yana yi. Shi dai in ka zo sau ɗaya ya riƙe sunanka, in ka dawo ya kira ka da shi, ya tambayi yaron da ka ce ba shi da lafiya wancan zuwan. Ta ce a duk kasuwar Azare shi kaɗai ya san sunanta, sauran "Baba tsohuwa" suke ce mata. Ina jin ta ina kallon ƙasa. Mutumin da ya riƙe sunan baƙi, a gidansa aka yi wadda ta kasa faɗar sunan 'yarta.

Yanzu ga wanda ya fi ci mini rai bayan naki. Kina tuna Goggo Adama mai nono? Doguwar nan mai tsagar goshi, da take sauke ƙwaryarta a gindin bishiyar mainar tsakar gidanmu. Shekaru tana zuwa. In ta gama zagayen unguwa a ɗakina take sallar azahar, mu dama fura, mu yi ta hira da Fulatanci. "Ɓingel am" take ce mini, wato 'yata, don ta ce muryata irin ta wata 'yarta ce da ta rasu. Ita ce in ta shigo take ƙwala kiran sunanki da ƙarfi, ta kalle ni ta gefen ido tana dariya, ta ce tana taya ni ne tunda bakina ya yi nauyi. Ke kuma ki fito da gudu ta ɗiga miki man shanu a tafin hannu.

Wata shekara da kaka shanu suka shiga gonakin wake a hanyar Gadau. Aka yi rigima, aka ji wa wani mutumin layinmu rauni a kai. Matan unguwa suka haɗa baki, ba mai sake sayen nono. Ana cikin haka, rannan da rana tsaka muna ɓarar gyaɗa a tsakar gidana, mu wajen biyar har da matar wanda aka ji wa raunin, sai ga sallamar Goggo Adama. Idanu duka suka dawo kaina.

Na tashi na tare ta a bakin ƙofa. Da Hausa na yi mata magana, ni da ban taɓa yi mata Hausa ba. Na ce yau ba ma bukata. Ta ce ba talla ta kawo ba, ruwa take so da wurin da za ta yi salla, ta zaga gari ba wanda ya amsa mata. Na ɗebo ruwa a moɗa na miƙa mata. Ban shimfiɗa tabarma ba, ban ce ta shigo ba. Ta sha a tsaye da ƙwarya a ka, tsohuwa, ta taho a ƙasa tun daga ruga. Ta miƙo mini moɗar, ta yi ƙasa da murya ta ce da Fulatanci, "Ba komai, ɓingel am. Kina da maƙwabta." Ta juya.

Ban san ko shanunsu ne suka yi ɓarnar ba, ban kuma tambaya ba. Ko nasu ne, ai ba ita ta kora su gonar ba. Da Babanku ya dawo na gaya masa, ina jiran faɗa. Washegari bai buɗe rumfa da wuri ba, ya ɗaura ɗan buhun gero a bayan babur ya fita. Da ya dawo ya wanke ƙafarsa, abin da ya ce kawai shi ne, "Na gaishe miki da ita." Na so a ce zagina ya yi.

Na yi ta cewa in ƙura ta lafa zan sa ya kai ni rugar in ba ta haƙuri da bakina. Kafin in shirya suka tashi, suka yi kudu da shanunsu. Bayan wasu shekaru wata mai nono ta gaya mini ta rasu. Har yau ban san inda ta yi azahar ɗin ranar nan ba. Ina yawan tunanin haka in na shimfiɗa dardumata.

Ga abin da nake so ki gane. Ni ban tsani Goggo Adama ba ko na minti ɗaya. Ina tsaye a ƙofar nan zuciyata tana cewa shigo, bakina yana cewa ba ma bukata. Yawancin rashin kirkin da na yi a rayuwata ba don mugunta na yi shi ba, don idon mutane na yi. Na kira shi kunya don sunan ya fi daɗi, amma tsoro ne. Ke ma zai same ki. Za ki shiga cikin abokan aiki, wata rana a kawo mace daga ƙauye da tsohon zane, ba ta jin Turanci, Hausar ma kame-kame, wata ta yi mata tsawa ko ta kwaikwayi maganarta, sauran su yi dariya. Ke sabuwa ce, za ki so su karɓe ki. A nan ne za ki tsaya a irin ƙofar da na tsaya. Ba na ce ki yi faɗa da kowa ba. Ki dai matsa kusa da matar, ki gyara mata zanenta ki rufe mata jiki, ki tambayi sunanta. Dariyar da za su yi miki ba za ta kai yamma ba. Ni tawa moɗar ga shi har yau ina riƙe da ita.

To bari in dawo kan yatsun ƙafa. Lokacin da kike koyon aiki kin dawo wata rana ranki a ɓace. Kina ba Babanku labarin wata yarinya Bafulatana, haihuwar fari, da aka kawo ta zauna shiru a kan benci. Kowa ya ɗauka da saura, tunda ba ta ko nishi, aka yi ta duba masu ihu. Sai da ta sulale ƙasa aka ga jini. Allah Ya sa ta rayu. Kika ce, su mutanen nan ba sa magana, ta yaya mutum zai sani? Ina bakin murhu ina tuƙa tuwo, ina jin ki. Amsar tana bakina, don ni ce yarinyar nan, an dai canja shekara da wuri. Amma in ba ki amsa sai na ba ki labarin haihuwarki, ni kuwa ina zan iya. Na ci gaba da tuƙi.

Yau ga amsar. Mai shiru ba lafiya ce ta sa ta shiru ba. An gaya mata tun tana yarinya cewa muryarta abin kunya ce. In kin tambaye ta a gaban uwar mijinta za ta ce lafiya lau ko tana mutuwa. Ki fitar da mutane. Ki durƙusa daidai ita, kada ki tsaya a kanta. Ki kalli yatsun ƙafarta, ki kalli abin da hannunta ya damƙe, ki kalli gefen mayafinta ko da alamar haƙori. An ce ƙasar da za ki akwai Fulani da yawa. Fulatancin da kika tsinta a bakina da bakin Goggo Adama kada ki ji kunyarsa, ko ya karye ki yi shi. Kalma biyu cikin harshen uwarta za su buɗe bakin da tsawa ba za ta buɗe ba. Mai ihu kowa zai je wurinta. Ke ki zama mai zuwa wurin mai shiru.

In kin iya yi wa baƙuwa wannan karatun, 'yar Malam, ina roƙon ki yi mini shi ni ma. Shekarun nan duka a kan benci nake zaune.

Saura na ƙarshe, wanda ban gaya wa kowa ba. A makon da Babanku zai rasu, bayan ciwon ya taɓa masa gefe ɗaya har harshensa ya yi nauyi, wata safiya ina ba shi kunu a cokali. Ke kina tsakar gida kina wanke masa kaya, muna jin ƙarar bokiti. Ya kau da kai daga cokalin ya ce in kira masa ke. Na ajiye kofi zan fita in yafito ki yadda na saba. Sai ya kama bakin zanena da hannun da ke aiki. Ya ce, "Daga nan. Da sunanta. Ina so in ji."

Na yi dariya. Wallahi dariya na yi. Na ce, "Haba Malam, ciwon ma bai hana ka tsokana ba? Da girmana?" Bai saki zanen ba, yana kallona. Na buɗe baki, Allah Ya sani na buɗe. Sunan ya zo har maƙogwarona ya tsaya. Sai na ɗaga murya na ce, Hafsatu, ki ce wa yayarki Babanku yana kira. Ya saki zanen. Ya ce, "To." Kika shigo kina goge hannu a jikin siket, ya ce ki gyara masa matashi, alhali matashin ba abin da ya same shi.

Bai sake neman komai a wurina ba har ya koma ga Allah. Mutumin da muka yi zaman shekara da shekaru, bai taɓa ɗaga mini murya ba, abin da ya roƙa na ƙarshe ko tashi ba sai na yi ba, na hana shi. Na ɗauka akwai gobe. Duk zaman takabar da na yi, mutane suna ganin ina kukan rashinsa ne kawai. Ina kukan rashinsa, amma rabin kukan na wannan "To" ɗin ne. Daga baya na gane ba don kunnensa ya roƙa ba. Ya san zai tafi, ya san shi ne mai kai saƙo tsakanina da ke, yana so ya ga mun iya ba shi kafin ya bar mu.

Na tambayi malamarmu ta Islamiyyar matan aure ko akwai inda addini ya hana uwa kiran sunan 'yarta ta fari. Ta ce babu, al'ada ce kawai. Na ce ko da sunan surukarta ne? Ta yi murmushi ta ce ko da shi ne. Na dawo gida ina jin kamar wadda ta yi shekaru tana tsaron ɗakin da ba komai a ciki.

Don haka duk alherin da ya zo miki a zuciya, ki yi shi a ranar. In kin ɓata wa wani ki ba shi haƙuri kafin ki kwanta. In Gwaggo Larai ta yi miki faɗa ki saurara, tsohuwa ce kuma jinin Babanku ce, ki riƙa taya ta aiki ko kin dawo a gajiye. Abin da kika gani a ɗakin haihuwa ki bar shi a can, sirrin mata amana ne, ko ni kada ki ba ni labari da suna. Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci, na san halinki in aiki ya yi yawa sai ki wuni a kan shayi. Yajin da na saka miki mai citta ne, na jego na daka da yawa don ki riƙa ɗibar wa wadda kika ga ba ta da mai kawo mata.

Ban rubuto don ki bar aikinki ki dawo ba. Ki yi aikinki, matan can ma 'ya'yan wasu ne, kuma na san hannunki yana da sauƙi, na gani a jikin Babanku. Abin da nake roƙo, kada ki zauna a can don kina ganin ba mai jiranki a nan. Tun ba ki tafi ba gidan ya yi mini faɗi. Jiya da kike ninke kaya na shiga ɗakinku sau nawa, ina cewa tsintsiya nake nema. Ba tsintsiya nake nema ba. In Allah Ya kai mu Salla ki zo, ko kwana biyu ne. Mainar tsakar gida tana nan, tabarmar Babanku tana nan, ni ma in da rai ina nan.

Akwai abu ɗaya da nake so ki sani. Kin ce mai kiranki ya tafi. Tun ranar sunanki, ban taɓa idar da salla na tashi ban ambace ki ba, kuma a can ba na cewa "yarinyar nan". Da cikakken sunanki nake roƙa miki, ke ce farko kafin ƙannenki, kafin Babanku, kafin kaina. Allah Ya daɗe yana jin sunan nan a bakina. Ke ce ba ki taɓa ji ba, kuma hakkinki ne.

Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin mutane da sharrin zuciyarki. Allah Ya sa albarka a hannunki, duk wadda kika taɓa ta sauka lafiya ita da abin da ke cikinta. Allah Ya haɗa ki da abokan zama na kirki, Ya ba ki miji mai tausayi irin Babanki. Allah Ya jiƙan Malam da Inna da Goggo Adama, Ya haskaka kabarinsu, Ya yafe mini abin da na tauye musu. Ke ma ki yafe mini. Ni ban riƙe ki da komai ba, duniya da lahira.

Asma'u.

Ga shi na rubuta. Na daɗe ina kallonsa, amma ba abin da ya faɗo. Asma'u, 'yata ta fari.

Rubutu dai ba shi Malam ya roƙa ba, shi ji yake so a yi. In kin gama karantawa ki kira wayata, ba ta Hafsatu ba. In na amsa sallama kada ki ce komai. Ki yi shiru ki ba ni lokaci, ko kin ji na daɗe kada ki kashe. Ni zan fara.

Wassalamu alaikum.

Ni ce wadda kike kira Adda,
mahaifiyarki.